Sha Bakwai da Sha Takwas

A Runjin Sambo nake da rumfa:
kwano huɗu, janareto mai tarin tsufa,
da katakon da na jera wa soket sittin.
Naira ɗari, in shayar da wayarka ta ƙoshi.
In manna mata lamba, in ba ka 'yar takarda,
ka tafi harkarka.

Ba sa tafiya.
Sai su rakuɓe a inuwa suna shafa aljihu,
kamar harshe mai komawa gurbin haƙori.
Wani babban yatsansa na ta sharar iska,
babu gilashi a ƙarƙashi, shara dai yake.
"Ta kai nawa?" Ashirin. "Miƙo ta hakanan."
Ko jinjiri ana barinsa ya gama shan nono.

In rana ta take, kwalta ta fara laushi,
wayoyin kan yi ta tsuwa a kan katako,
fuskokinsu na walƙiya, ni kuma ina da ido.
Ban taɓa buɗe ta kowa ba, Allah shaida,
amma abin da ya faɗo kan tabarmarka
ba ka ce ba ka gan shi ba.

Sha bakwai ta Sahabi ce, baduku.
Sha takwas ta ƙanensa Atto, ɗan kabu-kabu.
Ciki ɗaya, goyo ɗaya,
'ya'yan Inno Ige mai masar bakin masallaci.
Tare suke kawo su, tare su hau benci,
ludayi biyu, ƙwaryar fura guda.

A can ciki kuwa Sahabi Zakin Rima ne,
ya sa hoton zaki da baki buɗe.
Atto kuma Gaskiya Ɗaci, ba fuska, sai baƙin tabarau.
Wata uku ke nan suna yankan juna.
Kan kwalbatin unguwa aka fara, wa ya ci kuɗin,
aka gangara jam'iyya, aka gangara malamai,
yanzu ko mafarin babu mai tunawa.
Ina jona sha bakwai, saƙon dare ya faɗo:
"Ɗan maula, nawa aka biya ka?"
Ina jona sha takwas: "Jahili, koma makaranta."
'Yan kallo ɗari uku na zuba musu fetur
da 'yan kawuna masu dariya har da hawaye.

Ran Laraba sha takwas ta haska:
"Uwar da ta haife ka ba ta san tarbiyya ba."
Atto ya karɓa, ya karanta, ya ajiye ludayi,
jijiyar wuyansa ta miƙe.
"Mi ya faru?" in ji Sahabi. "Ba komi."
Shi ko yayan murmushi yake wa tafin hannunsa:
"Yau na gama da wani wawa."
Sai ga Inno da tire, ragowar masa,
ta ba wannan biyu, ta ba wancan biyu,
ta ce Allah ya bar mata su tare.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.
Sai lissafi ya riga magana fita:
tun da rigimar nan ta kama
sau uku kowannensu ke caji a yini.
Ɗari shida ke nan. Mai kuma ya yi tsada.
Na haɗiye, na sunkuya, na ja igiyar janareto.

Da dare ina ƙirga canji sai na ce,
lalle can wani wuri akwai mai rumfa irina,
tasa ta fi Sakkwato faɗi,
ya san Zaki, ya san Gaskiya, ya san uwarsu,
shi ma ya buga lissafinsa ya ja bakinsa.

Na kwanta da niyyar gobe zan faɗa musu.
Sai tawa ta yi ƙara ƙarƙashin matashi.
Na jawo ta, in ga me Atto ya mayar.