Ƙafar Agwagwa

Malam Arzika ya ce, "Tukunyar iska zan ara maka,
gilashin ido ma akwai na aro,
amma abin ƙafa, Modi, je ka nemo naka.
Ƙafa ba ta son aro,
kowa da tasa yake shiga ruwa."

Na sayar da albasa buhu biyu,
na bar wa Inna ɗaya.
Na hau motar Goronyo ana idar da asuba,
kuɗin a cikin safa, safar a cikin takalmi,
ina taka dukiyata har Sakkwato,
ina zargin kowa.

A layin 'yan gwanjo mutum bakwai na tambaya.
Wani ya miƙo mini takalmin damina,
wani ya ce in gangara wurin masu kifi,
wani yaro ya yi dariya har ya zauna:
"Ku zo ku ga mai neman ƙafar agwagwa!"

Jabbi kaɗai bai dara ba.
Ya jawo buhu daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage.
"Ga su nan, cikin dila suka taho,
shekara biyu babu mai tayawa."

Akwai baƙaƙe dogaye, sun fi kamu biyu,
suna ƙyalli kamar ba su taɓa ganin laka ba.
Zuciyata ta ce su.
Kuɗinsu ya ce in koma gona.
Sai na ji muryar Arzika a kunne:
"Doguwar ƙafa ta gwani ce.
Ɗan koyo in ya sa ta, ba ya kai tsakiya,
sharaɓarsa za ta soma ɗaurewa."

Akwai jajaye, kuɗin goro,
robarsu irin ta buta.
Na lanƙwasa ɗaya, farin layi ya fito a gadon bayanta.
An ce araha ba ta ado,
ni ba ado ya kawo ni ba,
amma wannan ko kududdufi ba ta ƙetarewa.

Can ƙasa, 'yan gajeru, ruwan ɗorawa,
duk jikinsu ƙarzunan duwatsun wata ƙasa,
maɗaurin ta hagu ya tsinke.
Na roƙi buta, na jiƙa ƙafa, na zura.
Yatsu ba su matse ba,
diddige bai yi lilo ba,
ɗan yatsa guda ya shiga ta baya, na biyu ya ƙi.
Na tashi zan taka, na kusa kifewa a kan tebur,
sai na yi baya-baya kamar yadda aka koya mini,
rabin kasuwa na kallo, ana shewa.

Dubu goma sha biyar.
Bakwai.
Albarka.
Na cire, na sa takalmina a hankali.

"Wai mi zaka yi da su?"

Na ce masa ranar kasuwa jirgi ya kife.
Ƙanena Bunu kwana uku ya yi a ƙasa,
mu muna bakin gaɓa da gora da ƙugiya,
Inna na zaune ba ta ƙiftawa.

Jabbi ya dubi ƙasa.
"Kawo tara. Na sallama."
Mai faci a bakin tasha ya yanko mini tsohon tib,
ya ɗaure ta hagu, ya ja da haƙori,
ya ƙi karɓar komai, sai tafiya yake nuna mini
irin ta agwagwa.

Asabar muka shiga dam.
Ruwan kamar kunun tsamiya,
ko tafin hannuna ban gani ba,
numfashina kaɗai nake ji yana tafasa.
Da muka fito Arzika ya tofar, ya ce,
"Ban ga kanka ba, ban ga tukunya ba,
abu biyu ruwan ɗorawa na gani suna kaɗawa,
su na bi.
Kana harbi da gwiwa kamar mai tuƙa keke.
Gobe daga ƙugu za ka soma motsawa."