Kwana Ɗaya a Ɗa'ifa

Shekara tara ina ɗinka labule a Jidda,
ban taɓa jin sanyin da ba na na'ura ba.
Ran Alhamis Tanimu ya ce, "Rufe shagon nan,
yau mu ma 'yan yawon buɗe ido ne."
Na yi dariya. Ni da aikina rufe wa mutane taga,
me zan buɗe ido in gani?

Hanyar Hada ta yi ta murɗewa
kamar zaren da ya kuɓuce wa kwarkwaro.
Direba ya kashe rediyo, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.
Kunnena ya toshe, na haɗiye yawu, ya buɗe.
Da na leƙa ƙasa
sai ga motoci kamar maɓallai sun zube a tabarma.

Birai sun tare bakin titi, sun zauna kamar masu karɓar haraji.
Wani tsoho a cikinsu ya fizge ledar gurasar Tanimu,
ya hau dutse, ya juya mana baya, ya ci abinsa.
Tanimu ya ce, "Ko a nan ma akwai kafili."

Sai gajimare ya sauko.
Ban san yana saukowa ba.
Ya shigo ta taga ba sallama, ya jiƙa mini gashin hannu,
ya shafe dutsen, ya shafe birin, ya shafe motar da ke gabanmu.
Na miƙa hannu in ji irin yadinsa,
ba shi da saƙa, ba shi da baki,
ba inda allura za ta kama.

A Shafa muka sha shayin gawayi da na'ana'a,
ina rawar ɗari cikin riga mai shara-shara.
Yara suna cin masara gasasshiya a bakin kwazazzabo,
uwarsu tana riƙe da wuyan rigar ƙaramin.
Wani ya ɓare rumman, ya miƙo mini rabi,
bai tambayi ƙasata ba, bai tambayi katina ba.

Daga nan gonar wardi.
Tukwanen tagulla a jere bisa wuta,
fure buhu-buhu ana zubawa,
can a ƙarshen bututu ɗigo ɗaya, sai an jima wani ɗigon.
Dattijon wurin, Mus'id, ya ɗaga kwalba
da ba ta kai ɗan yatsana ba.
Na tuna Laure a Gumel,
wadda duk sallah nake aika mata atamfa, ban taɓa aika ƙamshi ba.
Na tambayi kuɗin.
Ya faɗa.
Na lissafa: labule goma sha ɗaya, har da na falo.
Na ajiye kwalbar a hankali, kamar jaririn wani.

Bai ce komai ba.
Ya dumbuzo fure daga buhu, hannu biyu,
ya cusa mini a aljihun gaba,
ya ɗan bubbuga wurin, ya koma kan wutarsa.

Tanimu ya ɗauki hotuna sun fi ɗari.
Ni guda ɗaya gare ni, shi ma gajimare ya cinye rabin fuskata.

Da magariba muka gangaro.
Kowace kwana sai zafi ya dawo mana da wani abu namu:
gumi, kuɗin haya, odar da ban gama ba.
Kafin Jidda furen ya yi laushi, ya koma launin shayi.

Sai dai tef ɗina yana cikin aljihun.
Yau kwana shida ke nan,
in na ware shi a tagar mutane
sai matar gida ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya buɗe ƙofa?"
Ni kuwa in rubuta awo, mita biyu da rabi,
in ɗan daɗe ina kallon waje
kafin in rufe.