Jan Biro

Ni ne Tanimu masinja.
Shekara ashirin da bakwai ina ɗaukar masa fayil,
ƙasa zuwa bene, bene zuwa ƙasa.
In za a yi zancen Alhaji Halliru Koki
a bar ni in sa baki, ko gwiwoyina sun san shi.

A tsakar gida ya koyi lissafi.
Iya Tasalla ce uwar adashin unguwa,
shi ke rubuta zubi da gawayi a jikin bango:
mai taro, mai sisi, mai sule.
Daren da ruwan sama ya wanke bangon
da ka ya karanto su da safe,
ba wadda ta rasa ko ahu.

Ya shiga banki fam na mulki,
da takalmin aro mai cizon dunduniya.
Ran da naira ta sauka gari,
tsofaffi suka yi layi da kuɗi ƙunshe a tsumma,
ya zagayo kanta ya tsuguna
yana ƙirga wa wani makaho nasa a tafin hannu.

Biro biyu ne a aljihunsa,
shuɗi na amincewa, ja na a'a.
Shuɗin ya kafa injin markaɗe a Gwammaja,
ya cika rumfa da atamfa a Kantin Kwari,
ya tashi majemar da ta kwanta.
Wata mai man gyaɗa ta zo ba takardar gida.
Ya ce, "Wa ya san ki?"
Ta ce, "Duk kasuwar Rimi."
Ya ce, "Ya isa jingina."

Jan kuwa, ba sani ba sabo.
Ya faɗa kan surukinsa ɗan kwangila,
aka shekara biyu ko a gidan suna ba a gaisawa.
Ya rufe masaƙa a Sharaɗa,
mutum ɗari uku suka fito da kwanukan abincinsu,
ƙofa ta ja bayansu.
Ni na kai takardar.
Na dawo na tarar da shayinsa ya huce,
yana ta juya cokali, ba sukari a ciki.

Wata Juma'a liman ya yi huɗuba kan riba,
idonsa a sahun gaba.
Alhaji bai sunkuya ba, bai canza masallaci ba.
A mota dai na ji ya ce,
"Tanimu, wannan lissafin har yau bai fita ba."

Da ya ajiye aiki muka ce zai huta.
Ina!
Kwamitin gobarar kasuwa, kwamitin ruwan unguwa,
ga shi bakin Jakara, riga naɗe a kafaɗa,
yana auna kwata da sanda,
yana tambayar ina buhun siminti sha biyu suka shiga.
Aka ce ya fito takara.
Ya ce ƙuri'a bashi ce, ba shi da abin biya.

Ya rasu wata Talata bayan la'asar.
Motoci suka toshe lungu har bakin titi,
mai man gyaɗa ta zo da jikokinta, a ƙasa.

Bayan sadakar bakwai 'yarsa Ummulhairi ta kira ni,
ta miƙo wani littafi mai baƙin bango.
Sunaye ne, duk da jan biro,
ba na masu bashi ba,
na waɗanda ya hana.
Wasu da alamar shuɗi a gefe:
ya je, an gana, an yafe.
Saura goma sha ɗaya.
A ƙasa ya rubuta: "Can ma akwai odita."

To, masinja ba ya ritaya.
Na hau adaidaita, littafi a hammata.
Shida sun ce sun yafe duniya da lahira.
Uku sun riga shi tafiya.
Ɗaya a Tudun Murtala, tsohon masaƙi,
ya saurare ni har ƙarshe, ya ba ni ruwa,
ya ce a bar shi ya yi tunani.

Na ƙarshen an ce ya koma Dawanau.
Gobe in gwiwa ta yarda zan leƙa.