Tarago Biyu, Igiya Ɗaya

Sati bakwai na yi a Valparaíso
ina farautar lanƙwasa guda ɗaya.
Sharaɗi huɗu na rubuta a goshin allo:
ta zama gajera, ta tashi nan ta mutu can, ba jan wutsiya;
damanta ya zama madubin hagunta;
ta yi santsi, ba karaya;
in an gusa ta taki ɗaya, kada ta shiga gonar inuwarta.

Uku sukan zo. Na huɗu ya toge a bakin ƙofa.
In na jawo shi da kunne, wani ya fice ta taga.
Akwati kaɗai ya kusa yarda da ni,
ɗaya a nan, sifili a can,
shi ma kusurwarsa tana yanka hannu.

Farfesa Arancibia ta leƙo, tana ɓare lemo da farce.
Ta ce, "Eliseo, babu ita.
An tabbatar da haka tun ba ka yi gemu ba.
Na ƙyale ka ne don hannunka ma ya sani.
Taura biyu ba ta taunuwa, kai huɗu ka cusa."
Ta bar mini ɓawon a kan shafi na sittin.

Gidanmu yana kan dutse.
Kawu Nibaldo ke riƙe da birkin taragon da ke kai mu,
tsohon katako mai kukan ƙarfe, mai warin man giris.
Na zauna ina kallon jiragen ruwa suna ƙanƙancewa.
A tsakiyar hawa ɗan'uwansa ya wuce mu yana gangara,
da wata mata a ciki rungume da kwandon kifi.
Nauyinta ne ke ɗaga ni.
Kawu ya ce, "Shekara talatin da ɗaya,
ban ga ranar da ɗaya ya hau shi kaɗai ba."

Ban ci tuwon dare ba.
Na ja layi biyu inda dā nake jan ɗaya.
Kowace lamba ta tsage ta zama gidan dara mai rami huɗu.
Na ce wa ta fari: matse kanki rabi, jera kanki,
ki ara daga 'yar'uwarki abin da ya rage.
Haka na ce wa ta biyu.
Gidajen nan suna da ladabin jeri:
a daka sannan a tankaɗe,
wanda ya juya ya sha tsaki.

Na juya. Ƙarfe biyun dare zane ya haukace,
ya haura rufin takarda.
Alamar ɗebewa ce guda ta ɓuya a rami na uku.

Na gyara, na sake zuba akwatin a turmi.
Zagaye na fari, haƙoran zarto.
Na biyar, tsauni mai tsakuwa.
A na goma sha biyu suka daina motsi:
ɗaya kamar tozon sa,
ɗaya kamar laima mai kunnuwa biyu da suka nutse ƙasan sifili.
Daga cikinsu 'ya'ya biyu suka fito, ƙananan raƙuman ruwa,
abin da suka ci a sama sun biya shi a ƙasa,
ba su bin kowa, ba a bin su.

Da safe na kai mata, da takardar girgizar ƙasar ran Talata,
wadda ta kaɗa kofuna kawai, ba ta tashi kare ba.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Sun yi kyau.
Amma ƙasa da baki ɗaya take magana,
kai kuma ka yi mata kunne biyu.
Wace kalma za ka ba wanne?"

Ban sani ba tukuna.
Yau ma a tsakiyar dutse muka haɗu da ɗaya taragon.
Babu kowa ciki sai keken wani yaro,
duk da haka ya ja mu.