Takardar da Ba Kwanan Wata

A daren da aka ƙirga ƙuri'u
mun yi ihu har murya ta dushe.
Priscilla ta kifar da kofi a kan taswirar Ohio,
ba wanda ya goge.
Mun ci. Ƙarin shekara huɗu, in ji talabijin.

Laraba da hantsi umarni ya sauko daga sama:
duk wanda aka naɗa ya rubuta murabus,
ya sa hannu, ya bar gurbin kwanan wata.
Al'ada ce kawai, suka ce.
Haka mahauci ke shafa wuyan bijimi.

Tawa layi uku ce.
Na fi awa ina laluben kalmar godiya
wadda ba za ta yi kama da roƙo ba.

Lindqvist ya samu jakada
a wani tsibiri da sai da ya sa tabarau ya gano shi a taswira.
Priscilla ta tsallaka titi zuwa kamfanin masu kamun ƙafa,
albashi ninki uku;
baɗi za ta dawo wannan baranda da katin baƙi a wuya,
tana murmushi ga kujerarta.
Tsoho Rourke zai tafi jami'a
ya koyar da abin da muka kasa yi.

Ni kuwa wayata ta zama jinjira,
da ita nake kwana a ƙirji,
ko tari ta yi sai na farka.

Odessa Tillery, akawun hawa na shida,
shekara talatin da ɗaya a Ma'aikatar Sufuri,
tana da kwalaye a ninke bayan injin kwafi.
Ba ta tambaye ni ba, ta ajiye min biyu.
"Ku 'yan haya ne," ta ce, "mu ne bango.
Shukar nan ka bar ta, ba ta son mota."

A aljihun teburina akwai fayil ɗin gadar garinmu,
wadda motar makaranta ke bi a tsorace.
Saura sa hannu biyu.
Na liƙa masa 'yar takarda rawaya:
don Allah, duk wanda ya zo.

Kiran ya zo cikin Janairu, daƙiƙa arba'in.
Shugaba na godiya ƙwarai.
Kafin la'asar wani yaro mai suna Corbin,
wanda ya kawo gundumomi uku da ba a zata ba,
yana tsaye yana auna tagata da ido.
Ban ji haushinsa ba.
Ni ma haka na auna ta wani.
Kayan aro ne, na sani tun farko,
sai dai ya daɗe a jiki har ya ɗauki ɗumina.

Na miƙa wa mai gadi katin shiga.
Ƙofar da ta san ni shekara huɗu
ta rufe ba tare da ta waiwayo ba.
Ƙanƙara na sauka a kan Potomac,
gindin kwalina ya jiƙe.

A gida 'yata Imogen ta leƙa ciki,
ta ciro hular kamfe, ta ɗora a ka.
"Baba," ta ce, "ba mu muka ci ba?"
Na ce mu ne.
Na ce zo ki riƙe min ƙofa.