Askar Sheffield

Ranar Asabar, a kasuwar 'yan gwanjo,
yayyafin Sheffield na zuba ba hutawa,
na gan ta kwance tsakanin cokula da mataccen agogo,
ƙotar ƙaho, baki a naɗe kamar mai jin kunya.
Fam goma sha biyu. Ko tayi ban yi ba.
Barau wanzami na tuna, a gindin ɗorawa,
yana yi wa Baba aski, yana kukan tsadar gero,
ido a kan hanya, hannu na aikinsa.
Na ce, abin da Barau ke yi yana hira,
ni mai digiri biyu zai gagara?

Lahadi bayan asuba, banɗaki kamar akurki,
madubi ya yi gumi, na share shi da gwiwar hannu.
Na shafa kumfa, na tsufa farat ɗaya.
Na ɗora ta a kunci, ta ja, ta ƙi yanka,
tana tsinkar gashi kamar akuya a bakin shinge.
Na danna.
Ta amsa.
Jan zare ya ɓullo cikin farin kumfa,
shiru, ba zafi, sai da ruwa ya taɓa shi.

Ɗaya a haɓa, biyu ƙarƙashin kunne.
A maƙogwaro hannuna ya ƙame:
nan fa mahauci ke ɗora tasa.
Ashe hannun hagu baƙo ne a jikina,
madubi kuma maƙaryaci, ya mai da dama hagu.

Litinin na hau bas da ɓarɓashin auduga a fuska,
wata yarinya ta tambayi uwarta
ko kyanwa ce ta yi faɗa da ni.
Laraba ƙuraje suka tsiro sahu-sahu
kamar gyaɗa bayan ruwan shuka.
Lantana ta dube ni, ta ajiye kofin shayi:
"Rezar roba na nan cikin aljihun tebur,
ba ta taɓa neman ranka ba.
Masu hankali ruwa suke shafa wa gemunsu,
kai ka cinna wa naka wuta da kuɗinka."

Tsoho Wilfred na ƙofar kusa ya gan ni ina fid da shara.
Shekara arba'in ya yi yana wasa ƙarfe
a masana'antar da yanzu ta koma gidajen haya.
Ya karɓe ta, ya gwada a gashin damtsensa,
ya yi dariya har da tari:
"Da cokali kake aski, ɗana."
Ya goga ta a dutse, ya rataya tsohuwar fata a mariƙin ƙofa,
sama, ƙasa, gadon baya ke jan gaba.
Shaf, shaf, shaf.
Na rantse da wannan ƙarar na san gindin ɗorawa.

"Kwantar da ita. Kada ka danna.
Miƙe fata da yatsu biyu.
Bi gashi inda ya kwanta,
ba ranar farko ake yi masa gardama ba."

Mako shida ke nan.
Kuncin dama ya yi sumul, na hagu na tafe.
An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi,
nawa ƙarƙashin hanci yake zuwa,
inda nake riƙe numfashi kamar mai nutso.

Jiya na buga waya gida, na ce a gai da Barau.
Aka ce ai Barau ya cika bara waccan,
zabirarsa na rataye, ɗansa gyaran waya yake yi.
Sau nawa na zauna gabansa
ina kallon kaji, ina ƙosawa ya gama,
ban taɓa duban yadda yake riƙe ta ba.

Yau ɗigo ɗaya kawai, a gefen haɓa.
Na wanke ta, na tsane ta da tawul,
na naɗe bakinta a hankali.
Lantana na ƙwanƙwasa ƙofa, wai ruwan zafi zai ƙare.