Shagon Wanki a Puebla

Ƙarfe takwas, injina na juyi,
talabijin na rataye saman ƙofa.
"Ga ta nan kuma," in ji Casilda,
"Eulalia mai makoki ba gawa!
Wata bakwai tana kuka bakin taga,
har yau ba mu san me take so ba.
Jiya likita ce, yau ta mance hanyar asibiti."
Nicanor ya tsoma baki:
"'Yar wasan ma gunki ce,
fuska kamar wankakken faranti."
Aka kwashe da dariya.

Can ƙurya Amparo na guga, ba ta ɗago ba.
Daren jiya 'yarta ta kira:
"Mama, layi uku suka ba ni,
biyu 'wayyo' ne."

Ƙauri ya tashi daga wuyan rigar Nicanor.